Furar da Ta Zube a Kibod ɗin Murtala

Jiya da hantsi, ana wannan yayyafin na ƙarshen damina, wata abokiyar aikina a nan Gummi ta kifar da kofin shayi a kan kibod ɗin kwamfutar ofis. Ta yi tsaki, ta zare wayarsa, ta cilla shi ƙarƙashin tebur, ta kira mai shagon bakin kasuwa. Kafin azahar an kawo mata sabo a kwali. Ni kuwa na kasa ci gaba da aikina. Na jawo wanda ta jefar, na kife shi a kan tsumma ina ta bubbuga bayansa, har ta ce, "Balki, bar shi mana, ko gadonki na?" Na yi dariya don kada ta tsargu. Irin wannan lokacin ne daidai, gero ya fitar da kai bai nuna ba, sama kullum a haɗe, na taɓa zama a ƙasa da kibod a cinyata ina roƙon Allah kamar mai jinyar mutum.

Shekarar da aka yanke layin waya ce, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Muna Bukkuyum a lokacin. Tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje, sabo bai iso ba, gonakin nesa kuwa ba mai zuwa sai wanda ya gaji da ransa. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana kwaɗon tafasa ne ko na rama, ƙuli-ƙulin ma sai an yi ta lissafinsa. Ruwa ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba. Bango ya jiƙe, gishiri ya narke a gwangwani, ashana sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama. In ruwan ya ɗauke sai wani zafi mai danƙo ya taso daga ƙasa, zane ya manne wa mutum a baya. Yunwa ce irin wadda ba ta sa kuka, sai dai ta sa mutum yawan zama da saurin fushi.

Cikin wannan hali aka kawo mana gawar yayana Murtala. Mai hoto ne, yana da ɗan shago kusa da tasha, ni nake taya shi buga takardu in ya fita aiki. Ya je ɗaukar hoton suna a Zugu, a kan hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su. Suka tafi da babur, da waya, da kyamara. Abin da suka bar mana ba zan faɗi kamanninsa ba.

Murtala ɗan fari ne, Inna kuwa mai kara ce ta gaske, irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon tabarma. Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Mata suna ta yaba mata, wai dattijuwa ta san kunya. Ni kaɗai na lura cewa kwanon da na ajiye mata da safe shi nake ɗauka da yamma, ba a taɓa ba. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Wata rana bayan azahar ina yi mata fifita, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Balki, ban san huskar yaron ga ba."

Na ce, "Wane yaro, Inna?" alhali na sani.

"Kullum in ya shigo ƙasa nika dubi. Rana guda nid dube shi sosai, ranad da anka kawo shi. Ita ɗai nika gani. In na ruhe ido ita ta, in na buɗe ita ta. Ba ki da hoto nai?"

Na tsayar da fifitar. Mai hoto guda, amma ba mu da hotonsa ko ɗaya a gidan. Ya tsani a ɗauke shi, katin shaidarsa ya tafi da walat, wayata kuma ƙarama ce mai tocila. Abokansa da ke da hotunansa sun watse, ba layin da za a kira su. Abin da ya rage shi ne kwamfutar shago, wadda Kawu Sahabi, ƙanin Inna, ya kwaso mana gida saboda ana fasa shaguna. Tana nan a kan tebur a ɗakin Inna, don shi kaɗai ne ba ya yoyo, an lulluɓe ta da zane. Na ce a raina duk hotunan da ya tara, ba za a rasa nasa ba ko guda. Na yi mata alkawari, kuma na ga yadda kafaɗarta ta ɗan saki.

Matsalar farko mai ne. Kawu ya je ya tsiyayo wanda ke tankin babur ɗinsa da ya jingine tun da mai ya yi wuya, ya kawo a robar lemo. Ya ɗaga ta ya ce, "Ɗiyata, abin da yar rage ke nan. In ya ƙare, ya ƙare." Ya zuba rabi a ɗan janareton shago, ya ja igiya, ya ja, da ƙyar ya tashi.

Kwamfuta ta kawo wuta. Allon ya nuna akwatin da ake rubuta kalmar sirri. Na san kalmar, don da ita Murtala yake tsokanata: kumatu, sunan da ya laƙaba mini tun ina yarinya. Amma kafin in ɗora yatsa, sai ɗige-ɗige suka fara cika akwatin da kansu, suna gudu, kwamfutar tana ƙara ƙit-ƙit-ƙit. Ba wanda ya taɓa komai. Kibiyar maus kuma tana ta karkarwa a gefe guda kamar mai zazzaɓi.

Gwaggo Asabe, ƙanwar marigayi babanmu da ke zaune tare da mu, tana tsaye a bayana. Ta dafe ƙirji ta yi baya. "Innalillahi! Shi na! Wallahi Murtala na ka rubutu!" Ta fice tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, takalmi ɗaya a ƙafa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ta ɗago kai daga shimfiɗa, idonta a kan allon, tana jira ta ji me ya rubuto.

Na danna maɓallin gogewa, ya nutse bai dawo ba. Na ɗaga kibod ɗin, sai kiyashi suka zubo mini a cinya, wani tsami ya bugi hancina. Na yi wa Kawu ihu ya kashe inji, na zare wayoyin duka biyu.

Sai da Gwaggo ta dawo labari ya fito. Ranar sadakar uku, Daso, Bafulatanar da ke kawo mana nono tun muna yara, ta damo wa Inna fura mai kyau a ƙwarya, a wannan marra da nono ya zama abin nema. Inna ta ƙi sha. Aka ajiye a kan tebur, kazar gidan ta yi tsalle ta kifar da ita a kan kibod da maus. Gwaggo ta goge saman tas da tsumma, ta mayar da zane ta rufe. A wurinta magana ta ƙare, ai ta goge.

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Ta tsaya tana murza bakin zanenta, ta ce, "To ni mi nis sani? Na ɗauka kamar faranti na." Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah, rabi don Murtala, rabi don man da ya ƙone a banza.

Na nemi aron kibod a garin nan kamar mai neman jini. Mai ɗaya shagon kwamfuta na garin ya kwashe kayansa ya yi Gusau. Ofisoshin da na sani duk a kulle, ma'aikatan ba su nan. Gummi ga ta nan kusa, amma a lokacin hanyar ta fi ƙarfin kowa, ba kuma zan tura Kawu ya bi sawun Murtala saboda roba da waya ba. Dole wannan ɗin dai, shi zan tayar.

Na tuna abin da Murtala yake faɗa in yara sun zubar da ruwan leda a shago: a cire waya, a kife, kada a yi gaggawar kunnawa. To wannan ba ruwa ba ne, fura ce da nono da sukari, ta kwana ta wuni a ciki ta daskare. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na ɗauko cokali, na dinga ɓanɓaro maɓallan ɗaya bayan ɗaya da gindinsa. Ƙarƙashin kowanne akwai dusar gero da farin abu mai yauƙi, kiyashi sun yi gari. Na jera maɓallan a kan faifai layi-layi yadda suke, don kada su rikice mini, na tashi yin la'asar. Ina sallamewa na tarar Gwaggo, mai son ta wanke laifinta, ta juye su duka a ƙwarya tana cuɗawa da ruwa kamar wake.

"Ga su nan sun hita tas," in ji ta, tana murmushi.

Na karɓi ƙwaryar daga hannunta. Ƙarfin faɗan ma babu.

Sukundireba ba mu da ita, da tsinin wuƙar yankan kuɓewa na kwance ƙusoshin baya. A ciki akwai wata shimfiɗar roba mai ƙuraje, ƙarƙashinta kuma wasu ledoji sirara masu zanen layuka kamar na azurfa. Nan ne nonon ya kwanta. Robar na wanke ta da ruwan sama mai tsabta. Ledojin kuwa na bi su a hankali da auduga da ɗan sauran sifirit da na samu a kwalin kayan shago. Lungunan da auduga ba ta shiga, da gashin kaza na share su, gashin ita mai laifin, don Kawu ya yanka ta an yi wa Inna romo. Romon ma cokali biyu ta sha ta kau da kai. A gefe guda na ledar na ga wani layi ya yi baƙi, tsamin nono ya ci shi. Na goge, na sake gogewa, bai canza ba. Na yi kamar ban gani ba.

Maus ɗin, wanda Gwaggo ke kira kusu tun da na gaya mata ma'anar sunan, shi ma na buɗe cikinsa. Ɗan idon da ke ƙasansa ya rufe da busasshen nono, shi ya sa kibiya ke karkarwa. Na share shi da gashin kaza har ya yi ƙyalli. Tayar tsakiya ta cije, na yi ta juya ta da sifirit har ta fara motsi da ƙyar.

Sai shanya, a watan da wanki ke kwana uku a igiya yana wari. Rana ba ta fitowa, in ta leƙo kafin ka fitar da kaya ta koma. Kusa da murhu kuma ina tsoron zafi ya lanƙwasa ledojin. Na taɓa jin ana binne wayar da ta faɗa ruwa a cikin shinkafa. Mu ina muka ga shinkafa? Sai na naɗe kayan a tsohon ɗankwali na tura su cikin tukunyar gero, ɗan abin da ya rage mana. Kullum da safe Gwaggo za ta ɗebi na tuwon ranar, kullum geron yana ƙasa. Ranar da na leƙa na ga ɗankwalin ya fito fili, babu abin da zai rufe shi, na san shanya ta ƙare ko ta bushe ko ba ta bushe ba.

Duk kwanakin nan Inna ba ta tambaye ni komai ba. Sai dai in na shigo ɗaki ta bi hannuna da kallo. Ta daina tashi alwala sai an riƙe ta. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi abin da za ki yi, Balki. Matag ga tahiya takai." Na ji haushinsa don ya faɗi abin da nake ɓoye wa kaina.

Mayar da maɓallan ya ci mini wuni guda. Da ido na kasa tuna wurin kowanne. Sai na rufe ido na ɗora yatsuna a kan robar, yadda Murtala ya koya mini bugu yana rufe mini hannu da hula, na bar yatsun su nuna mini. Wannan na nan, wancan na sama da shi. Na ɗaure ƙusoshi, na danna kowane maɓalli na ji yana dawowa. Babu yadda zan gwada sai da wuta, wuta kuma saura sau ɗaya.

Da hantsi muka yi. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Kawu ya juye sauran man har yana girgiza robar. Gwaggo ta tayar da Inna zaune, ta jingina ta da bango, ta sa mata filo. Inji ya tashi. Akwatin kalmar sirri ya fito, ya tsaya fari tas, ba mai rubutu. Na ce alhamdulillahi a fili.

Na danna K, ɗigo ya fito. Na danna U, shiru. Na ƙara dannawa da ƙarfi, shiru. Na gwada M, ita ma ta mutu. Baƙin layin nan ne. Harufa biyu kacal, kuma ba a rubuta kumatu sai da su.

Can na tuna akwai wata 'yar alama a kusurwar allon, in an danna ta kibod yakan fito a jikin gilashin, a dinga zaɓar harufa da maus. Na ja maus, kibiya ta tafi sumul, ta isa kan alamar. Na danna, bai danna ba. Maɓallin hagu ya yi laushi kamar ɗanyen ƙulli, ba ya ƙara. A waje inji yana ta shan mai.

Na fizge murfin maus ɗin gaba ɗaya, na bar shi tsirara. A ciki akwai wani ɗan ƙurji da bai kai ƙwayar dawa ba, shi ne ainihin abin da ake dannawa. Na zaro tsinken tsintsiya na soka, na ji ƙyas. Amma in na saki jiki don in soka, sai kibiyar ta goce. Hannu biyu ba su isa ba.

"Gwaggo, zo ki kama."

"Ni? Kusun ga? A'a, kada in ƙara ɓata wani abu."

"Ki zo, don Allah! In nac ce yanzu, ki soka nan."

Ta durƙusa kusa da ni, ta riƙe tsinke da yatsu biyu kamar mai cire ƙaya, bakinta yana motsi. Ni ina tuƙa kibiya, in ta hau kan harafi in ce yanzu, ita ta soka. Sau ɗaya ta soka biyu, muka goge muka sake. Haka muka bi harufan nan har ƙarshe. Da allon ya buɗe, Gwaggo ta saki guɗa, ta tuna gidan makoki ne, ta toshe bakinta da hannu.

Na shiga wurin hotuna. Maɓallin gaba yana aiki, na ɗora yatsa a kai. Ga amare, ga jarirai, ga 'yan makaranta da fararen hijabai, ga dattawa sun ƙame don hoton fasfo. Rabin garin yana ciki, har da waɗanda aka binne da waɗanda suka gudu. Gwaggo tana ta kiran sunaye. Murtala ne kaɗai babu. Shi ne a bayan kowane hoto, ba ya cikin ko ɗaya. Inji ya yi tari, hasken allon ya yi ƙasa ya dawo. Kawu ya ɗaga murya daga tsakar gida, "Ku yi sauri! Na karkata shi, ɗigo na yar rage!"

Na fara kuka ina dannawa, ban ma ganin abin da ke wucewa sosai. Na yi mata alkawari, na ƙona man Kawu, ga shi zan nuna mata fuskar kowa ban da wadda ta roƙa.

Gwaggo ce ta riƙe mini hannu. "Tsaya. Koma baya. Wagga ba Inna ta ba?"

Ita ce. A wannan ɗakin, a kan wannan gadon, da atamfar sallar bara. Ta kau da kai gefe tana kallon ƙasa, yadda take yi in ya shigo. Ashe ya ɗauke ta ba ta sani ba. A bayanta kuwa ga madubin kabad, a cikin madubin ga mutum tsaye a bakin ƙofa, kyamara a ƙirji ba a ido ba, yana dariyar satar da ya yi.

Na murza tayar maus da farce. Ta cije, ta motsa, hoton ya matso. Na ƙara murzawa har Inna ta fita daga allon, madubin ya cika shi. Ga shi nan, hula a karkace, ido a ƙanƙance, baki buɗe.

Ban juya na kalle ta ba, na bar mata kararta. Sai na ji motsin tabarma. Matar da sai an riƙe ta take tashi, ta ja jiki da kanta har gaban tebur. Gwaggo, dangin miji, wadda a gabanta ne ya fi kamata a ji kunya, ta sunkuyar da kai ta koma bakin ƙofa. Inna ta kafa wa allon ido. Ba ta taɓa shi ba, ba ta yi kuka ba, kallo kawai take yi, tun daga hula har haɓa, ta sake komowa sama.

"Balki."

"Na'am, Inna."

"Ashe wushirya gare shi."

"E, Inna."

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da yay yi haƙoran girma."

Ta gyaɗa kai a hankali. Inji ya yi tari biyu ya mutu, allon ya yi baƙi, ɗakin ya yi tsit har muna jin ɗigar ruwa daga indararo. Na share fuskata, na ɗauko zanen zan lulluɓe kwamfutar. Ta ɗaga mini hannu, idonta yana nan inda yake.

"Bari, kak ki ruhe. Ina ganin shi."